Daulolin Sin Bakwai: Takobi Ya Ci Ƙasa, Rubutu Ya Riƙe Ta

Gabatarwa

Labarin yaƙi na je nema a tarihin tsohuwar ƙasar Sin, amma sai na dawo da darasi a kan rubutu, wanda nake ganin zai amfane mu ɗaliban harshe. Duk shekarun da zan ambata na kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.) ne, don haka lissafinsu raguwa yake yi.

Tashin Qin

Da ƙarfin gidan sarautar Zhou ya ragu, sai hakimansa suka zama masu cin gashin kansu. Daga wajejen 475 zuwa 221, manya suka yi ta haɗiye ƙanana, har manyan dauloli suka koma bakwai: Qin, Chu, Qi, Yan, Han, Zhao da Wei. Harafin q a nan ana furta shi kusa da c ɗinmu, wato Cin da Ci.

Qin tana can yamma, sauran kuwa kallon ƙauyawa suke yi mata. A 356 wani mashawarcin sarki mai suna Shang Yang ya sauya dokokinta. Girma ya daina zuwa ta gado kawai, sai ta noma da jarumta a fagen fama. Aka kasa gidaje biyar-biyar, laifin ɗaya ya shafi sauran. An kashe shi a 338, amma dokokinsa suka zauna. A 260 Qin ta ragargaza Zhao a Changping, inda marubucin tarihi Sima Qian ya ruwaito cewa an hallaka fursunoni kimanin 400,000.

Sauran daulolin sun sha ƙulla ƙawance, amma kowace tana zargin 'yar'uwarta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sarki Ying Zheng ya bi su ɗaya bayan ɗaya: Han a 230, Zhao a 228, Wei a 225, Chu a 223, Yan a 222, sai Qi a 221. Daga nan ya laƙaba wa kansa Shi Huangdi, wato Sarkin Sarakuna na Farko.

Daidaita rubutu

A nan ne abin ya fi jan hankalina. Daulolin nan kowace da yadda take zana alamomin rubutunta. Sarki da wazirinsa Li Si suka tsayar da siga ɗaya, kamar yadda suka daidaita mudu da ma'auni da kuɗi da faɗin ƙafafun keken doki. Da yake alamar Sinanci kalma take wakilta, ba harafi ba, mutanen da furucinsu ya sha bamban suna iya karanta takarda ɗaya su fahimta. Ta haka umarnin fada ya isa larduna 36 ba tare da tafinta ba.

Faɗuwar Qin

Sai dai mulkin ya yi tsanani: aikin tilas a ganuwa da kabarin sarki, ga haraji, ga ƙone littattafai a 213. Sarki ya mutu a 210, tawaye ya ɓarke a 209, zuwa 206 daular ta rushe. Liu Bang da Xiang Yu suka gwabza a kan gadonta, Liu Bang ya yi nasara a 202, ya kafa daular Han. Wannan ba Han ta farko ba ce. Alamarsu daban, karin sautinsu ma daban, tamkar yadda karin sauti ke bambanta kalmomi a Hausa.

Kammalawa

Qin ta haɗa ƙasar, amma shekara 15 kacal ta riƙe ta. Han ta sassauta dokokin, ta ci gaba da daidaitaccen rubutu, ta yi wajen shekara 400. Siffar alamomin ta sauya daga baya, ƙasar ma ta sha rarrabuwa, amma rubutu ɗaya ya ci gaba da haɗa masu karatu. Tun da na karanta wannan na daina raina darasin ƙa'idojin rubutu.