Gitar lantarki: a gwada kafin a biya

Gitar lantarki ta daɗe da zama ƴar gida a ƙasar Nijar. Tun shekarun 1970 ƙungiyar Azna de l'Ader ta yi suna da ita a Tawa, kuma gasar Ɗan Gurmu da aka fara a 1987 ta ƙara wa samari sha'awar kiɗan zamani. Daga baya Bombino na Agadas da Mdou Moctar na jihar Tawa sun kai kiɗan ƙasar nan har Turai da Amurka. Shi Mdou Moctar da hannunsa ya haɗa gitarsa ta farko, wayar birkin keke ce tsirkiyarta.

Sai dai gitar kaya ce mai tsada. Saurayi yakan yi watanni yana tara jika-jika kafin ya mallake ta. Haka ma'aikacin da aka ɗora wa sayen kayan kiɗa na gidan samari, dukiyar jama'a ce a hannunsa. Da yawa suna duban sunan da aka rubuta a kan gitar su biya, alhali suna ba ya kiɗa. Abin da hannu ya taɓa, kunne ya ji, kuma ake iya gyarawa a gida, shi ne abin saye.

Manyan gidaje biyu

Kamfanoni biyu na Amurka su ne suka tsara siffar da sauran ke bi. Fender ya fito da Stratocaster a 1954, Gibson kuwa ya fito da Les Paul a 1952. Bambancinsu ya wuce na ado.

A ƙarƙashin tsirkiyoyi akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, wanda makaɗa ke kira mikoro. Shi ke ɗaukar motsin tsirkiya ya aika wa ampili, wato akwatin da ke ƙara murya. Stratocaster tana da guda uku masu naɗi ɗaya-ɗaya. Muryarsu siririya ce, garau, amma suna jawo gunji idan akwai fitilar neyon ko injin wuta a kusa. Daga 1957 Gibson ya fara sa mai naɗi biyu, wanda ke kashe gunjin, ya ba da murya mai kauri.

Wuyan Stratocaster da kusoshin murɗawa guda 4 aka kama shi. Idan ya lalace sai a kwance a sa wani. Na Les Paul manne shi aka yi da gangar jiki, kuma kansa ya karkata baya, faɗuwa ɗaya tana iya karya shi. Gyaransa sai gwanin kafinta. Ita ce kuma ta fi nauyi, takan kai kilo 4 ko fiye, abin da makaɗin da ke kwana tsaye a gidan biki ba zai raina ba.

Mai ƙaramin ƙarfi ba a bar shi a baya ba. Squier na Fender ne tun fitowar gitarsa a 1982, Epiphone kuma Gibson ya saye shi a 1957. Dukansu suna yin siffar iyayen gidansu a kuɗi kaɗan. Yamaha da Ibanez na Japan su ma an san su da aiki mai kyau. Squier ta gaske ta fi Fender ta ƙarya.

Hattara da jabu

A watan Nuwamba na 2024, ma'aikatan duwan na Amurka sun nuna gitar jabu fiye da 3.000 masu ɗauke da sunan Gibson, waɗanda aka kama a tashar jiragen ruwa ta Los Anjeles. Idan an yi ƙoƙarin shigar da su ƙasar da ake ƙera ta gaske, ina ga sauran kasuwanni? Alamar farko ita ce kuɗin: sabuwar Gibson da aka yi wa kuɗin Epiphone abar tuhuma ce, araha ba ta ado. Akwai kuma ɗan murfi a kan gitar, kusa da inda tsirkiyoyi suka tashi. Na Gibson kusa 2 ke riƙe da shi, na jabu sau da yawa 3.

Abin da za a duba

Na farko wuya. Mai saye ya ɗaga gitar ya hango wuyan daga kai zuwa gindi, kamar yadda kafinta ke duban katako. Ɗan lanƙwasa kaɗan ba laifi ba ne, domin akwai sandar ƙarfe a ciki da ake murɗawa a daidaita shi. Amma wuyan da ya murɗe gefe guda, a bar shi ga mai shi.

Na biyu ƙarafan da aka gitta a wuya. A shafa yatsa a gefensu. A lokacin hunturu katako yana bushewa ya tsuke, bakin ƙarafan ya fito yana yankan hannu. Wannan ana goge shi da magagari. Wanda ba shi da sauƙi shi ne ƙarfen da tsirkiya ta cinye har ya yi rami, kamar yadda ake gani a tsofaffin gitar.

Na uku tsawon tsirkiya daga wuya. A ƙarfe na 12 kada tazarar ta wuce milimita 2 da ƴan kai. Idan ta yi sama yatsu za su sha wuya, idan ta yi ƙasa ƙwarai sai ta riƙa zuza.

Na huɗu gaskiyar murya. Ƙarfe na 12 shi ya raba tsirkiya gida biyu daidai. A kaɗa ta a sake, sannan a danne ta a wurin a sāke kaɗawa. Muryar ɗaya ce, ta biyu dai ta fi siriri. Idan sun saɓa da yawa, kuma gyaran gindin tsirkiya bai daidaita su ba, wannan gitar ba za ta taɓa shiga layi da sauran kayan ƙungiya ba.

Na biyar wuta. Ba a sayen gitar lantarki ba a jona ta ba. A gwada kowane mikoro shi kaɗai, a murɗa kowane maɓalli, a girgiza waya a bakin kafarta. Ƙarar ƙaraf-ƙaraf alama ce ta ƙura ko tsatsa. Idan an taɓa tsirkiya gunji ya ragu, haɗin yana daidai. Idan ya ƙaru, akwai gyara. Idan kuwa ta ja mutum, a kashe ampili nan take, domin abin ya shafi rai. A duba bayan ampilin kuma: wutar Nijar 220 ce, ta Amurka 120. Wanda aka yi don can, in an jona shi kai tsaye, ƙonewa zai yi.

Bahago ya nemi wadda aka yi don hagu tun farko, irin Stratocaster da aka san Mdou Moctar da ita.

Wanda bai iya kiɗa ba ya tafi da makaɗi, ya kuma karɓi takardar ciniki mai ɗauke da lambar da ke jikin gitar. Mai aika kuɗi Kano ko Kotonu a sayo masa, cinikin biri a sama ya yi. Ya ware kuɗin tsirkiyoyi na ajiya da na jaka mai kauri, domin ƙura da rana sun fi kiɗa kashe gitar. Mai kaya na kirki ba ya hana a gwada. Wanda ya hana, ya riga ya faɗi abin da ke cikin kayansa.