Tsimin Kuɗi Da Rage 'Yan Kwana-kwana A Birnin Landan

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, domin in ba 'yan'uwa labarin wani al'amari da ya faru ina zaune a Landan, babban birnin Ingila. Magana ce ta 'yan kwana-kwana, watau ma'aikatan kashe gobara, da yadda tsimin kuɗi ya taɓa su.

Mutanen Landan sun san wuta tun kaka da kakanni. A cikin 1666 gobara ta cinye musu gidaje fiye da 13,000. A cikin 1866 aka kafa ma'aikatar kashe gobara ta hukuma, ta yi ta bunƙasa har ta kai tana da tasha 112 a unguwannin birnin, ban da ta bakin kogi.

To, daga 2010 Gwamnatin Ingila ta shiga tsuke bakin aljihu, ta rage kuɗin da take ba ƙananan hukumomi. A farkon 2013 aka fito da shirin rufe tasha 12. Majalisar da ke kula da ma'aikatar ta ƙi yarda, amma Magajin Gari na lokacin, Boris Johnson, ya yi amfani da ikonsa ya ce sai an yi. Bayan an ji ta bakin jama'a aka sassauta, aka tsaya a kan tasha 10, da motar kashe wuta 14, da gurbin ma'aikata 552, domin a tsimi kusan fam miliyan 29 cikin shekara biyu. Hukumomin unguwanni bakwai suka kai ƙara Babban Kotu, ba su yi nasara ba. Ran 9 ga Janairu, 2014, aka rufe tashoshin nan goma. A cikinsu har da ta Clerkenwell, wadda take aiki tun 1872. Ran nan an ga manyan maza, waɗanda ba su tsoron shiga wuta, suna zub da hawaye a ƙofar tasharsu. A cikin 2016 kuma aka soke waɗansu motoci 13.

Lalle hukuma tana da hujja, ba kuwa zan ɓoye ta ba. Ta ce gobara ta ragu da fiye da rabi cikin shekara goma, saboda na'urar da ke kuka in ta ji hayaƙi, da zagayen da ma'aikata ke yi gida gida suna gargaɗi. Ta ce ba za a kori kowa dole ba, sai dai wanda ya bar aiki ba za a cika gurbinsa ba. Ta kuma yi alkawarin riƙe ƙa'idarta, watau motar farko ta iso cikin minti 6, ta biyu cikin minti 8, in an haɗa lissafin birni an raba.

Ga inda ni nake ganin gizo ke saƙa. Ku malaman ofis kun san halin lissafin haɗa-a-raba. In mutum ɗaya ya ci tuwo malmala biyu, maƙwabcinsa ya kwana da yunwa, takarda za ta nuna kowa ya ci ɗaya. Haka nan mai gida kusa da tashar da aka rufe, motarsa daga wata unguwa za ta taso, ta ratso cunkoso. Minti ɗaya ko biyu ba kome ba ne a littafin akawu, amma ga wanda hayaƙi ya tare a bene, shi ne tsakanin rai da ajali. Wannan ita ce maganar da ƙungiyar ma'aikatan ta yi ta nanatawa.

Sa'an nan aikin nan ba kamar sauran ayyuka ba ne. Ɗan kwana-kwana ana biyansa ne domin ya zauna da shiri, ko da zai yi kwana uku ba a kira shi ba. Wanda ya gan shi zaune sai ya ce asarar kuɗi ce. Amma ba a fafe gora ranar tafiya, kuma gwanintar wanda ya shekara ashirin a bakin aiki ba a sayenta a kasuwa rana ɗaya.

Ran 14 ga Yuni, 2017, wuta ta kama dogon benen nan na Grenfell mai hawa 24, mutum 72 suka rasu. Mutane da yawa suka ce ga sakamakon rage ma'aikata. A nan wajibi ne a faɗi gaskiya. Motar farko ta iso cikin minti 6, kuma kwamitin bincike, wanda ya gama aikinsa a cikin 2024, ya gano cewa abin da ya yaɗa wutar shi ne rufin da aka lulluɓe bangon benen da shi. Amma ya ga laifin ma'aikatar wajen ƙarancin horo da shiri domin irin wannan rana. Ashe ƙarfin ma'aikata ba a yawan motoci kaɗai yake ba.

Ban ce kada hukuma ta yi tsimi ba, gama dukiyar jama'a amana ce. Abin da nake roƙo ga duk mai riƙe da alƙalamin kasafi, kafin ya soke tasha ko gurbi, ya tambayi kansa: wace unguwa ce za ta ƙara jira, minti nawa, su wa ke kwana a cikinta? In ya iya faɗa musu amsar baki da baki, to, ya sa hannu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah ya kiyashe mu da gobara, amin. Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani tsohon mazaunin Landan.