Sigarin Lantarki Mai Tanki: Cinikin Yana Wajen Kayan Gyara

Ranar 1 ga watan Yuni na shekarar 2025 ne aka fara aiki da dokar da ta hana sayar da sigarin lantarki irin wanda ake jefarwa da zarar ya ƙare a Birtaniya. Ƙasar Beljiyam ta riga ta yi haka tun watan Janairun shekarar, Faransa kuma ta bi sahu a watan Fabrairu. Hujjar da hukumomi suka bayar ita ce yadda yara 'yan makaranta suka rungumi wannan kaya, da kuma tarin sharar da yake haifarwa, domin kuwa wani ƙiyasi da ƙungiyar Material Focus ta yi a 2023 ya nuna cewa ana zubar da guda miliyan 5 a kowane mako a Birtaniya kaɗai, kowanne da ɗan batirinsa a ciki.

Abin da dokar Birtaniya ta bari a kasuwa shi ne wanda ake yi wa caji, a sake cika shi, a kuma canja masa ɓangaren da ke ƙonewa. Wannan sauyi ya shafi masana'antun birnin Shenzhen na ƙasar Sin, inda ake ƙera mafi yawan sigarin lantarkin duniya. A ƙasar ce ma wani masanin harhaɗa magunguna mai suna Hon Lik ya ƙirƙiro shi a 2003, aka shigar da shi kasuwa a 2004. Tun da Shenzhen ba ta da nisa da Guangzhou, inda fatakenmu ke zuwa sarin wayoyi da kayan lantarki, ya dace ɗan kasuwa ya san abin da yake ɗauka kafin ya zuba jarinsa.

Duk wanda ya taɓa riƙe fitilar ƙwai zai gane yadda tankin yake aiki. Ɗan kurtu ne na gilashi ko na roba wanda ake zuba wa ruwan sha, a tsakiyarsa kuma akwai kwayil, watau ɗan naɗin waya da aka lulluɓe da auduga. Audugar ita ce lagwani, tana tsotso ruwan zuwa jikin waya, batir ya ɗumama wayar, ruwan ya zama tururi. Ruwan kansa haɗi ne na gilisarin, da wani sinadari mai suna furofilin gilaikol, da kayan ƙamshi, da kuma nikotin a yawancin lokuta.

To, mai sayar da fitila ciniki ɗaya yake yi, mai lagwani da kananzir shi ne ke ganin abokin cinikinsa kowane mako. Haka abin yake a nan. Tankin gilashi yana iya ɗaukar watanni da dama in bai faɗi ba, amma kwayil ba ya wuce mako ɗaya zuwa biyu a hannun mai sha kullum, kuma in ruwan ya cika zaƙi ba ya kai hakan, saboda kayan zaƙin suna ƙonewa su daskare a jikin waya kamar ƙanzo a gindin tukunya. Inda 'yan kasuwa da yawa ke tuntuɓe shi ne, mahaɗin da ke tsakanin tanki da batir kusan iri ɗaya ne a ko'ina, ana kiransa 510, amma kwayil kowane kamfani da irin nasa, wani lokaci ma kowane samfuri da nasa. Wanda ya saro tankuna iri goma ba tare da kwayil ɗinsu ba, bayan mako biyu zai ga masu saye sun dawo da fushi, sauran kayan kuma su kwanta masa. Gara a taƙaita a kan samfuri biyu ko uku, a haɗo da kwayil, da gilashin canji, da zobban robar da ke hana yoyo. Manyan kamfanoni sukan sa lambar da ake kankarewa a jikin kwali don tantance na gaske daga jabu, ba kuwa asara ba ce a duba ta tun a wurin sari.

Galibin ƙorafin da ake kawowa kanti, laifin riƙo ne ba na ƙira ba. Sabon kwayil yana bukatar a ɗiga wa audugarsa ruwan, a cika tanki, a jira minti biyar zuwa goma kafin a kunna. Mai gaggawar da ya kunna a bushe ya ƙona audugar, kuma ƙaurin ba ya fita har abada. Haka nan idan aka bar ruwa ya yi ƙasa ƙwarai, ko aka ƙure wutar fiye da adadin da aka rubuta a jikin kwayil. Ba ɗanɗano kaɗai wannan ke ɓatawa ba, zafin da ya wuce kima yana sa ruwan ya fitar da sinadarai masu cutar da huhu irin su fomaldehaid. Saboda haka da an ji ƙauri, sai a cire kwayil a yar.

Wajen cikawa kuma, akwai bututun iska a tsakiyar tanki wanda bai kamata ruwa ya shiga ba. In ya shiga, sai a ji tankin yana kurkura, yana feso ruwa a baki. Murfi ana murɗa shi ne daidai wa daida, gama tsananta murɗi shi ne ke tsinka zoben roba. Wanki kuwa ba shi da wuya: a kwance tankin, a ware kwayil gefe, a ɗauraye sauran da ruwan ɗumi, a bari su bushe sarai. Kananzir ko fetur, waɗanda masu gyara suka saba wanke ƙarfe da su, ba su da gurbi a abin da za a kai baki.

Akwai wata matsala da takardun da ke cikin kwali ba su cika ambata ba, alhali mu ce ta fi damu, watau zafi. Ruwan yana tsinkewa in ya ji zafi, ya ratsa audugar ya tsiyaye ta ƙofar iska. Tankin da bai taɓa yoyo a lokacin sanyin Turai ba yana iya jiƙa aljihu a watan Afrilu a nan, balle an bar shi kwance a cikin mota. Kwalaben ruwan da aka jera a akwatin gilashi rana tana dukansu su ma sukan yi duhu, ɗanɗanonsu ya yi kaushi, domin haske da zafi suna lalata nikotin. Batir ya fi su haɗari. Wanda rigarsa ta yage, ko aka jefa shi aljihu tare da makulli da tsabar kuɗi, yana iya kama wuta, shi ya sa dokokin sufurin jiragen sama suka hana sa sigarin lantarki a jakar da ake aunawa a shigar da ita ƙarƙashin jirgi.

Sai dai fa buɗaɗɗen tanki yana karɓar duk abin da aka zuba masa. A shekarar 2019 wata cutar huhu ta ɓarke a Amurka, kuma ya zuwa Fabrairun 2020 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ƙirga mutum 2,807 da aka kwantar a asibiti, 68 suka rasu. Bincike ya nuna yawancinsu sun sha ruwa ne mai sinadarin wiwi da aka sayo a bayan fage, wanda aka cakuɗa da wani mai na bitamin E don ya yi kauri. Mai kantin da ke karɓar ruwan da ba shi da sunan kamfani, ba shi da adadin nikotin a rubuce, yana wasa da rayukan mutane da kuma nasa mutuncin. Ko ruwan mai kyau ma ba abin sakaci ba ne. Dokar Tarayyar Turai ta 2014 ta ƙayyade tanki kada ya wuce mililita 2, kwalba mililita 10, nikotin kuma miligiram 20 a kowace mililita, tare da murfin da yaro ba zai iya buɗewa ba. Kwalba guda a wannan ma'auni tana ɗauke da miligiram 200, abin da ya isa ya kai ƙaramin yaro ga halaka in ya kurɓa.

Nikotin abu ne mai kama mutum, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a watan Disamba na 2023 cewa ƙasashe 34 sun hana sayar da sigarin lantarki baki ɗaya, ta kuma nemi sauran su tsaurara matakai. Indiya ta haramta shi tun 2019, ita kanta Sin ta hana sayar da masu ɗanɗanon 'ya'yan itace a kasuwarta ta cikin gida daga Oktoban 2022, ko da yake masana'antunta na ci gaba da fitar da su waje. A nan gida, dokar taƙaita shan taba ta 2015 ta haramta sayar da taba ga wanda bai kai shekara 18 ba, kuma mai kantin da ya san ciwon kansa ba zai jira a gaya masa cewa kada ya miƙa wa ɗan makaranta kayan nikotin ba. Birtaniya kuwa, bayan haramcin, ta sanar tun a kasafin kuɗinta na 2024 cewa daga Oktoban 2026 kowace kwalbar mililita 10 za ta ɗauki harajin fam 2.20, da nikotin a cikinta ko babu.