Neman hasken arewa: ana sayen tikiti, ba a sayen sarari

A daren 10 wayewar 11 ga watan Mayu na 2024, mutane da dama a Faransa sun fito ƙofar gida suka tarar sararin samaniya ya rine, wani wuri ja, wani wuri ruwan hoda, kamar gobara ta tashi a bayan gari. An ga abin a tsibiran Kanari da ke daura da gaɓar Maroko, an gan shi har Meksiko. Kafin gari ya waye hotuna sun zaga duniya ta wayar salula. Wannan shi ne abin da Faransawa ke kira aurore boréale, wato hasken arewa.

Irin wannan dare ba kullum yake zuwa ba. Rabon da a ga mai ƙarfinsa tun 2003. Duk mai son gani da idonsa, tilas ya bi hasken har gidansa, can ƙuryar arewacin Norwe, Suwidin, Finlan ko Aislan. Daga Yamai zuwa Tromso, birni mafi girma a arewacin Norwe, tazarar ta wuce kilomita 6,000. Tafiya ce mai cin kuɗi, kuma ta sha bamban da wadda aka saba. Ɗan kasuwar da ya nufi Dubai ya san kaya na nan cikin shago suna jiransa. Ma'aikacin da aka tura taro yana riƙe da takardar da ta faɗi rana da sa'a. Mai neman hasken arewa kuwa cinikin biri a sama zai yi: ya biya jirgi, ya biya masauki, ya biya ɗan jagora, amma babu ko ɗaya daga cikinsu da zai sa hannu a takarda cewa za a ga wani abu.

Asalin abin daga rana yake. Ban da haske da zafi, rana tana feso wasu ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki, waɗanda kan ci kwana 2 zuwa 4 kafin su ratso kilomita miliyan 150 da ke tsakaninta da duniya. Ita duniya kamar ƙaton maganaɗisu take. Ƙarfinta yana kare ta daga wannan feshi, amma yana karkata wani sashe zuwa ƙuryar arewa da ta kudu. A can ne ƙwayoyin ke cin karo da iskar da ke tsakanin kilomita 100 da 300 bisa ƙasa, sai iskar ta kama haske. Oksijin ke ba da kore a ƙasa-ƙasa, da ja a can sama. Nitrojin ke ba da shuɗi. Wani masani ɗan Norwe, Kristian Birkeland, shi ya kafa tushen wannan bayani a farkon ƙarni na 20. Masanan zamaninsa da yawa suka ƙi yarda da shi. Ya rasu a 1917, kuma sai a shekarun 1960 taurarin ɗan adam suka gaskata maganarsa. Mutanen Finlan kuwa har yanzu suna kiran hasken da sunan da kakanninsu suka ba shi, wutar yanyawa, don a tatsuniyarsu dabbar ce ke kaɗa jela bisa ƙanƙara, tartsatsi ya tashi sama.

Abin da ya kamata matafiyi ya riƙe shi ne hasken ba ya bazuwa ko'ina a arewa. Zobe yake yi, kamar gammo a kan duniya, kuma a Turai gammon yakan sauka tsakanin digiri 65 da 70 arewa da tsakiyar duniya. Yamai da Maradi suna digiri 13. Oslo, Stokholm da Helsinki suna wajen digiri 60, ke nan duk da nisansu ba su shiga zoben ba. Hukumar binciken yanayi ta Finlan ta auna abin: a ƙauyen Kilpisjarvi da ke can arewa, cikin dare 4 masu duhu da sarari garau ana ganin hasken a 3, a Helsinki kuwa kamar sau ɗaya a wata. Duk daren da aka kwana a babban birni, a wannan lissafi, asara ne.

Duhu, wata da girgije

Abu na farko da ake buƙata shi ne duhu, kuma shi kaɗai ne yake hannun matafiyi gaba ɗaya. A Tromso rana ba ta faɗuwa daga wajen 20 ga Mayu har bayan tsakiyar Yuli. Wanda ya je lokacin babban hutun ƴan makaranta ya yi zuwan banza: hasken yana can sama, amma ba ya ganuwa. Lokacinsa daga Satumba ne zuwa ƙarshen Maris, kuma masana sun daɗe da lura cewa ya fi motsi a farkon wannan zango da ƙarshensa, sa'ad da dare da rana ke daidaita. Maganar farin wata kuwa, wanda ya saba duban wata ba ya buƙatar malami. Daga 25 ga watan Musulunci zuwa 5 ga mai kamawa dare ya fi duhu. A daren 14, hasken mai ƙarfi yana fitowa duk da haka, amma mai rauni sai ya ɓace.

Babban abokin gaba shi ne girgije. Ko da sama ta kama da wuta, in hadari ya rufe gari babu abin da za a gani, tunda hasken yana can nesa bisa girgije. A nan ne zaɓen gari yake da ma'ana, a nan ne kuma masu tsara tafiya suka fi yin kuskure, don sukan zaɓi garuruwa saboda sunansu, ba saboda yanayinsu ba.

A ɗauki Tromso. Birni ne na bakin teku mai mutum sama da 75,000, da jami'a, da filin jirgin sama, da otel-otel masu yawa. Ruwan ɗumi da ke gangarowa daga tekun Atlantika yana rage masa sanyi, har a Janairu ma'auni yakan tsaya wajen digiri 4 ƙasa da sifili. Sai dai tekun da ke kawo ɗumi shi ke kawo hadari. Shi ya sa ƴan jagora kan ɗebi baƙi a mota da yamma su shiga cikin ƙasa suna neman inda sama ta buɗe, wani lokaci har iyakar Finlan, tafiyar kusan kilomita 160, su komo da asuba. Kowane dare da kuɗinsa.

Abisko, wani ɗan ƙauye a arewacin Suwidin, kishiyar Tromso ne. Duwatsun da ke yamma da shi suna tare hadarin teku, saboda haka yana cikin wurare mafi ƙarancin ruwa a ƙasar: kusan milimita 300 a shekara, abin da bai kai na Maradi ba a damina mai kyau. Sama ta fi zama garau, kuma akwai wurin kallo bisa dutsen Nuolja, tsayin mita 900. Amma babu kasuwa, babu wani abin kallo in dare bai yi ba, ɗakunan kwana kaɗan ne, ga sanyi da kan kai digiri 20 ko 30 ƙasa da sifili.

Hikimar haɗa gari biyu ke nan. Ba don a tara tambari a fasfo ba, sai don yanayinsu ya bambanta: in teku ta rufe, wataƙila bayan dutse a buɗe yake. Kuma hanya ta haɗa su. Jirgin ƙasa na dare yana tashi daga Stokholm ya kai Abisko cikin sa'a 17 zuwa 18, ya zarce Narvik da ke Norwe. Daga Narvik sai mota, kusan sa'a 4, don dogo bai kai Tromso ba.

Lissafin darare

Tallar da ta fi jan ido ita ce mai cewa ƙasa 4 cikin kwana 10. Ɗan kasuwa ya ɗauki alƙalami. A cire dare ɗaya a Oslo, ɗaya a Stokholm, ɗaya a Helsinki, ɗaya cikin jirgin ƙasa, ɗaya kuma na jiran jirgin komawa. Saura 5, a warwatse cikin garuruwa 4. Hadari a arewa yakan zauna kwana 2 ko 3 bai gusa ba, ke nan mutum yana iya isa kowane gari ranar da sama ta rufe, ya bar shi ranar da za ta buɗe. Wanda ya raba kwana 10 ɗin tsakanin Abisko da Tromso kawai yana da dare 8 cikin zobe, kuma kuɗin jirginsa bai kai na wancan ba.

Ga kuma tsautsayin hanya. A Disamba 2023 wani jirgin dakon tama ya kauce daga dogo tsakanin Kiruna da Narvik, hanya ta zauna rufe kusan wata 2. A farkon Janairu 2024 sanyi ya wuce digiri 43 ƙasa da sifili a arewacin Suwidin, aka dakatar da jiragen fasinja. Tsarin da aka ɗinke shi ba rata, tikiti na bin tikiti, rana ɗaya in ta lalace duka ya warware.

Kiruna, wadda jirgin ke ratsawa kafin Abisko, ta cancanci yini guda ko don abin mamakinta. Ramin haƙar tama da ya kafa garin shi ke cin ƙasar da ke ƙarƙashinsa, har ya zama dole a matsar da tsakiyar gari. A Agusta 2025 aka ɗora cocin garin na katako, mai nauyin tan 670 da wani abu, bisa tayoyi aka ja shi kilomita 5 cikin kwana 2. Rovaniemi ta Finlan tana da sauƙin zuwa, jirgin dare na sa'a 12 daga Helsinki, amma tana bakin zoben ne, kuma a Disamba cike take da masu bikin Kirsimeti, farashi ya hau. Aislan kuwa tsibiri ce, kusan sa'a 3 a jirgi daga Oslo, da iska da ruwa masu juyawa sau da yawa a yini. Tafiya ce mai zaman kanta. Liƙa ta a wutsiyar wata tafiya ɓarnar dare biyu ne.

Lissafin darare har biza ya shafa. Ƙasashen 4 duk suna cikin yankin Shengen, biza ɗaya ta isa, amma doka ta ce a nema wurin ƙasar da za a fi daɗewa; in kwanakin sun zo daidai, wurin wadda za a fara shiga. Kuɗinta yuro 90 ne tun Yuni 2024, wato jaka 59 na sefa, kuma ba a mayarwa in an hana. Ana neman inshorar lafiya mai ɗaukar yuro 30,000, kusan miliyan 20 na sefa. Ana iya ajiye takardu tun wata 6 kafin tafiya. Tun da aka rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai a farkon 2024, ƙofar da mutane suka fi sabawa da ita ta toshe, sai a fara binciken ofishin da ke karɓar takardun ƙasar da aka nufa, ko da a wata ƙasa maƙwabciya yake, a sa kuɗin wannan zirga-zirga cikin lissafi. Finlan ce kaɗai ke amfani da yuro. Sauran 3 kowace da kuɗinta. Wanda ya saba tafiya da damin takardun kuɗi ya sani cewa a Suwidin shaguna da yawa ba su karɓar tsaba, sai katin banki.

Tufafin sanyi masu nauyi ba sai an saya ba, ana hayarsu a can. Maganar salla ta fi buƙatar shiri. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu rana ba ta fitowa a Tromso, sai wani ɗan haske kamar na almuru wajen tsakar rana. Akwai masallaci a birnin, Alnor, ɗaya daga cikin mafi nisa a arewacin duniya, kuma a irin waɗannan makonni jama'arsa suna bin lokutan Makka.

Masu talla suna da wata magana ta hanzarta mai saye: wai yanzu ne ko a jira shekara 11. Gaskiya ne ƙarfin rana yana hawa yana sauka cikin kusan shekara 11, kuma a Oktoba 2024 hukumomin NASA da NOAA na Amurka sun ba da sanarwar cewa ya kai ƙololuwa. Amma abin da ƙololuwa ke yi shi ne faɗaɗa zoben zuwa kudu, kamar yadda aka gani a 2024, ko a Maris 1989 da guguwar rana ta kashe lantarkin lardin Kebek na Kanada sa'a 9. Wanda ke tsaye ƙarƙashin zoben yana ganin haske ko a shekarun da rana ta lafa. Babu dalilin cin bashi don gudun kada kasuwa ta tashi.

In an isa, aikin jira ne, galibi daga ƙarfe 10 na dare zuwa 2, a tsaye cikin ƙanƙara, nesa da fitilun gari. Hasashen kwana 3 yana ba da ƙiyasi kawai. Labari tabbatacce yana zuwa daga taurarin ɗan adam da ke kilomita miliyan ɗaya da rabi tsakanin duniya da rana, kuma gargaɗinsu bai cika wuce sa'a guda ba. Sau da yawa abin da ido ke fara gani wani farin zane ne mai kama da hayaƙi, wanda baƙo zai ɗauka girgije ne. Na'urar hoto, da yake tana tara haske na daƙiƙa da yawa, ita ke fito da koren da ake gani a talla. A dare mai ƙarfi kuwa zanen yakan tsage ya zama labule, ya yi ta kaɗawa daga gabas zuwa yamma, gefensa na ƙasa ja-ja, har ƙanƙarar da ke ƙasa ta koma kore. Yakan yi minti 10, yakan yi sa'a guda, sa'an nan ya dushe, ɗan jagora ya zuba wa baƙi shayi, a ci gaba da duban arewa.