Kalmar "Charge" ta Ingilishi: Ma'anoninta da Yadda Hausa Ta Are Ta

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa aikin fassara, ko a gidan rediyo ko a gaban alƙali, ya san akwai kalmomin Ingilishi masu halin hawainiya, watau kowace jimla suka shiga sai su sake launi. Ɗaya daga cikinsu ita ce "charge". Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa ma'anoninta, duk da yawansu, tushensu guda ne, kuma wanda ya riƙe tushen nan ba zai ɓace wajen fassara ba.

2.0 Asalin Kalmar

Kalmar ta shiga Ingilishi daga tsohon Faransanci a ƙarni na 13, a zamanin da harshen Normawa, waɗanda suka ci Ingila da yaƙi a 1066, yake harshen fada. Shi kuwa Faransanci ya gaje ta daga "carricare" ta Latin, wadda ke nufin labta wa keken doki kaya. Ita da "car" da "cargo" da "carry" duk 'yan ɗaki ɗaya ne. Ke nan ma'anarta ta farko ita ce ɗora kaya.

3.0 Rassan Ma'ana

A dubi waɗannan misalai:

(a) He is in charge of the school. Nauyin makarantar yana wuyansa.
(b) They charged me fifty naira. Sun aza mini naira 50.
(c) He was charged with theft. An tuhume shi da sata.
(d) He charged the gun. Ya ɗura bindigar.
(e) The horsemen charged. Mahayan sun auka wa abokan gaba.

In aka lura, a huɗun farko wani abu ake ɗora wa wani, ko amana, ko kuɗi, ko zargi, ko albarushi. A (e) kuwa nauyin doki da mahayinsa ake jibga wa maƙiyi. Irin ɗurin nan na (d) ne ya kai kalmar fagen lantarki, inda Benjamin Franklin na Amurka ya yi amfani da ita a shekarun 1740, har ta iso kan batir. Abin sha'awa, Bahaushe ma haka yake kallon al'amarin, domin yakan ce an ɗora wa wane nauyi, ko an aza wa gari haraji.

Misali na (c) ya fi bukatar hattara. Tuhuma dabam, hukunci dabam. Mai fassarar da ya ce "an same shi da laifin sata" ya riga alƙali yanke hukunci, ya kuma zubar da mutuncin bawan Allah wanda watakila gobe kotu ta wanke shi.

4.0 "Caji" a Hausa

Hausa ta ari kalmar a matsayin "caji", ta kuma ƙera mata aikatau irin nata, kamar "caja" da "caje". Amma ba dukan rassan ta ɗauka ba. Ta karɓi na kuɗi, da na 'yan sanda kamar a "caji ofis", da na lantarki kamar a "cajin waya". Ta bar na amana da na farmaki, domin ba ta rasa kalmominsu ba. Daɗin daɗawa, ta ƙara wata ma'ana da Bature bai san "charge" da ita ba, watau bincike, kamar a ce "an caje jakarsa". A ganina, kamancin sauti da "search" ne ya jawo haka.

5.0 Kammalawa

Saboda haka "caji" ba ta maye gurbin "charge" a ko'ina ba. Kafin mai fassara ya sa alƙalami, sai ya tambayi kansa: me aka ɗora, kuma wa aka ɗora wa? Amsar ita za ta ba shi kalmar Hausa da ta dace.