Filasko: Ganyen da Littattafan Ɗibbu Ke Kira Sana

Bismillahir Rahmanir Rahim. Ɗalibanmu kan gamu da kalmar "sana" a babin magunguna, su ɗauka wani abu ne na can Hijaz. To, 'yan'uwa, ɗan'uwan filasko ne, wannan da iyayenmu a Kano da Damagaram ke jiƙawa don wankin ciki, yana kuma fitowa da kansa a kwaruruwan Sahara bayan an samu yayyafi.

Tirmizi da Ibnu Majah sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya tambayi Asma'u bint Umais da me take wanke ciki. Ta ambaci shubrum, sai ya nuna mata yana da zafi. Da ta koma ga sana, ya yaba shi. Malaman hadisi sun yi magana a kan isnadin wannan ruwaya. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 751 Hijira, ya kawo sana a Zadul Ma'ad, ya ce na Makka ya fi kyau. Shi ne sana makki da muke saye a kasuwar Sabha, mai siririn ganye mai tsini. Filasko kuwa bakin ganyensa a zagaye yake, kuma bai kai na Makka ƙarfi ba. A ƙarni na 18 da na 19 ayari kan bi da ganyen nan ta Murzuk zuwa Tarabulus, har Turawa suka san shi da sunan sanan Tarabulus.

Yadda yake aiki kuwa, sai ya isa babban hanji, ƙwayoyin halittar da ke wurin su warware sinadarinsa, hanji ya motsa, ruwa ya taru. Shi ya sa sai bayan awa 6 zuwa 12 ake ganin tasirinsa. A nan mutane ke yin kuskure: mutum ya sha, awa biyu shiru, ya ƙara kofi, da asuba ga murɗar ciki da zawo. A zafin Fezzan, zubar ruwan jiki ba wasa ba ne, balle ga tsoho ko mai azumi.

Kada a wuce mako ɗaya ana sha, don hanji kan saba. Mai juna biyu, da ƙaramin yaro, da mai ciwon ƙoda ko zuciya, su ga likita tukuna. Masu shan sa kullum wai don rage ƙiba, ruwa kawai suke zubarwa, kitse yana nan inda yake.

Wallahu a'alam.