Kaka a Ɗan Gulbi: Sayayya a Bakin Gona

Wanda yake son cimaka mai araha a ƙasar Dakwaro ba ya jiran ta iske shi Maraɗi. Da ruwa ya ɗauke a ƙarshen Satumba sai ya nufi ƙauyukan kudancin gundumar, irin su Ɗan Gulbi, inda jigawa ke gangarowa zuwa Gulbin Kaba, kwarin da goriba ta mamaye.

Abin da ke fara fitowa ma ba na awo ba ne. Tumu ne, sabuwar zangarniyar gero da ake babbakewa a murje a tafin hannu, sai ɗanyar gyaɗa dafaffiya da ɗanyen wake. Kafin su, tafasa da yakuwa ne suka riƙe gidaje da yawa a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Tumun da gyaɗar da waken, ƴan mata ke tallarsu, kuma mako kaɗan suke yi su wuce.

Cinikin gaske sai an yi girbi an ɗaure dammuna. Geron gandu na gida ne. Magidanci ba ya taɓa shi sai dole ta kama. Abin da ke fita kasuwa yawanci wake ne da gyaɗa da riɗi, da ɗan abin da mata da samari suka samu a gamanarsu. Ma'aunin kuwa tiya ce, kimanin kilo biyu da rabi, arba'in ke cika buhu. Mai awo za ta cika kwanon har ya yi tozo, ta tare gefe da hannu kada ya zube, sannan ta juye. A kan wannan tozon ake gardama. "Haba Inna, ki ƙara mini gyara." "Ɗana, wannan ai har da albarka a ciki." Baƙo kuma ya kula da lissafi: a nan da dala ake ƙirga, idan an ce ɗari, sefa ɗari biyar ake nufi.

Sai dai arahar kaka ba daga yalwa kaɗai take zuwa ba. Akwai bashin da aka ci a damina, ga biki, ga kuɗin motar samarin da za su tafi cin rani. Kowa na sayarwa lokaci guda, ƴan sari kuwa suna zaune da buhunansu. Da watan Yuni ya kama, manomin da ya sayar shi zai koma ya sayi geron da tsada. Mutanen jihar Maraɗi ba su manta da 2005 ba, shekarar da hatsi ke kasuwa amma talaka ya kasa sayensa. Irin wannan matsala ce ta sa aka riƙa kafa bankunan cimaka a ƙauyuka, da tsarin jinginar da amfanin gona a sito a karɓi rance har farashi ya tashi. Inda masu riƙon makulli suka yi amana, abin ya yi amfani. A Oktoban 2024 gwamnati ta hana fitar da hatsi waje, ban da Mali da Burkina Faso. Mai saye ya ji daɗi, mai waken da ya saba dogara da ƴan kasuwar Najeriya ya ji a jikinsa.

Bayan hatsi kuma ba a zubar da komai. Harawa da kara suna da masu saye, musamman masu kiwon ragon layya, Fulani kuma na kawo nono su karɓi gero. Tabarmar kaba da igiya da ƴaƴan goriba sai rani.

Mai zuwa sayayya dai ya zo da kuɗinsa a hannu, ya karɓi awo da tiyar gari, ba wadda aka bubbuge gindinta ba. Kuma idan manomi ya ce geron rumbu ba na sayarwa ba ne, a bar masa abinsa.